Martani: Tsadar Amfilifaya Ba Ita Ce Daɗin Sauti Ba

Mai sharhin da ya rubuta cewa amfilifaya mai tsada dole ta fi mai araha daɗin sauti ya yi azarɓaɓi.

A 1987, mujallar Stereo Review ta Amurka ta gwada lamarin. Aka daidaita ƙarfin sauti, aka ɓoye wa masu sauraro na'urar da ke aiki. Ga amfilifayar Pioneer ta kusan dala 220, ga Futterman ta dala 12,000. Suka kasa bambancewa, amsoshinsu ba su wuce canki-canka ba.

Bambancin da kunne ke kamawa nan take yana ga lasifika da yanayin ɗaki, abin da mai sharhin bai ko taɓo ba. Ya kamata ya rufe tambarin kamfanin, ya sake saurara tukuna.