Ɗalibin Arewa a Kudu: Ka Koyi Raha, Amma Ka San Iyakarta

'Yan'uwa sababbin ɗalibai da kuka samu gurbin karatu a Kudu, ga shawarar da babu wanda zai ba ku a wajen rajista: cikin kayan da za ku ɗauko daga gida, ku haɗo da raha. Shekarata ta uku ke nan a wata jami'a a ƙasar Yarbawa, kuma a ganina wanda bai iya dariya ba ya fi kowa shan wahalar baƙunta.

Makon farko komai sai ya zame maka sabo. Miya ta sha barkono har hawaye su zubo. Amala da ewedu su maye gurbin tuwo da miyar kuka. Saurayi ya zube ƙasa rub da ciki don gaida babba, kai kuma ka tsaya kana tunanin ko durƙuson da ka saba ya isa. Sannan ga sunan da za a laƙa maka tun kafin a tambayi naka: Aboki, ko Mola, ko Gambari.

Hanya uku ce a gabanka. Ko ka yi fushi kullum, a ce maka mai zafin kai. Ko ka kulle kanka a ɗaki, ba ka fita sai zuwa Sabo cin tuwo, ka gama shekara huɗu ba ka san kowa ba. Ko kuma ka mayar da abin wasa. Ni ta ukun na ɗauka. Duk wanda ya ce min Aboki, sai in ce masa: "To madalla, ka san ma'anarsa kuwa? Tunda ni abokinka ne, yau kai za ka biya kuɗin abinci." In suka ce in faɗi hamsin da Turanci don su ji yadda F da P ke rikice min, sai in faɗa, a yi dariya, sannan in ce su ma su faɗi "ƙanƙara". Wallahi har yau ban ga wanda ya tsallake ba. Daga nan hira ke ɓarkewa, har a kai ga aron littafi da karatun jarrabawa tare.

Wannan fa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun tashi mun tarar da wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, Kanawa da Zage-zagi, Katsinawa da Nufawa, har ma Gobirawa da Yarbawan nan. A 2014 UNESCO ta sanya wasan barkwancin Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya. Kakanninmu sun gane cewa mutanen da ke tsokanar juna a fili ba su cika ɗaukar wa juna makami ba.

Na san masu cewa dariyar tana ba su ƙofar raina mu. Maganarsu tana da kama, domin wasan barkwanci yana da ƙa'ida: ka tsokane ni, in tsokane ka, kowa ya tashi da mutuncinsa. In kai kaɗai ake yi wa dariya kullum, kai kuma kana yaƙe don kar a ware ka, to wannan ya tashi daga wasa. Abinci, karin harshe, yadda muke rawar ɗari da ruwan saman da ba ya ƙarewa, duk a yi. Amma ranar da wani ya kira ka Boko Haram, ko ya taɓa addininka, ko ya ce wa 'yar'uwarmu ta cire hijabi a ga me ta ɓoye, ka ɗaure fuska ka ce masa: "Wannan kam ba wasa ba ne." Abin da na lura da shi, wanda aka saba gani yana raha, ranar da ya ɗaure fuska an fi jin maganarsa.

Kar kuma a ɗauka ƙaramin abu ne. A Fabrairun 2021 rikici ya tashi a kasuwar Sasa da ke Ibadan tsakanin Hausawa da Yarbawa, aka rasa rayuka, aka ƙona shaguna da gidaje. A irin wannan rana, abin da ke amfanar baƙo shi ne maƙwabcin da ya san shi da sunansa, wanda zai kira ya ce kar ka bi ta hanya kaza.

Mu ma sai mu duba namu. Ɗaliban Kudu da ke Kano da Sakkwato da Maiduguri su ma baƙi ne, suna fama da zafin rana da hunturu da sunayen da muke kiransu da su. Abin da ba ka so a yi maka a nan, kar ƙaninka ya yi wa wani a can.

Ku da kuke karatu a Inugu, Fatakwal, Kalaba ko Legas, wane suna aka laƙa muku, kuma wace amsa kuke bayarwa? Ku faɗa mana, sababbin zuwa su ƙaru.