Daga Vom Zuwa Mayankar Agege: Binciken Da Ya Shafi Abincinmu

Yau za mu leƙa gida, mu hau tsaunin Jos, mu duba wani aiki da ake yi shiru cikin ɗakunan gwaje-gwaje. Da yawa daga cikinmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal ba mu damu da shi ba, alhali kuwa ya shafi abin da muke saye da sayarwa kullum.

Kudu da Jos, gaba da Bukuru kaɗan, akwai garin Vom. Tun cikin 1924 aka kafa ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi a can. Babban aikinta na farko shi ne yaƙi da bushiya, cutar nan mai share garke cikin 'yan kwanaki. Dattawanmu na kara ba su manta da 1983 ba, shekarar da ta sake ɓarkewa ta talauta makiyaya da fatake. Da allurar rigakafi aka ci ƙarfinta, har a 2011 aka ba da sanarwar an kawar da ita daga duniya baki ɗaya.

To, amma cuta ba ta ƙarewa. A farkon 2006 kaji suka yi ta mutuwa a wata gona a Jihar Kaduna. Likitocin Vom suka gwada, wani ɗakin bincike a Italiya ya tabbatar murar tsuntsaye ce, karo na farko da aka ga wannan nau'in nata a Afirka. A farkon 2007 sai ga ta ta kashe wata mata a nan Ikko. Haka kuma a watan Yuli na 2023, a Vom aka gwada jinin dabbobin da suka mutu a wata gona kusa da Suleja, aka gane antaras ce, wato ciwon saifa. A shekarar ta 2023 ce Gwamnatin Tarayya ta gargaɗi mutane kan cin ganda, maganar da ta taɓa aljihun mahauta kai tsaye.

Abin lura a nan shi ne lokaci. Motar shanu kan taso daga Arewa ta iso mayankar Oko-Oba ta Agege cikin kwana biyu ko uku. In sakamakon gwaji bai riga motar isowa ba, to, cutar ta riga ta shiga kasuwa. Don haka wutar lantarkin da ke riƙe sanyin allura, da sinadaran gwaji, da albashin ma'aikaci, duk maganar jarinmu ce.

Bincike na biyu ya shafi ƙasa. Tun farkon ƙarnin da ya wuce Turawa ke haƙar kuza a Bukuru da Barikin Ladi da kewaye. Da kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, sai aka bar wa jama'a ramuka cike da ruwa da tulin yashi. Malaman kimiyya na jami'o'inmu sun auna wannan yashi, sun sami ma'adinai masu ɗauke da toriyam da yuraniyam. Waɗannan suna fitar da wani tururi wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji, sai na'ura. Awon ya nuna ya fi ƙarfi a wuraren tace kuza da wajen tulin ragowarta. Wanda ya daɗe yana shaƙar ƙurar, ko ya ɗebi yashin ya yi yaɓen ɗakin kwana, shi ya fi shiga hatsari.

Ina ruwanmu da wannan? Da ruwan kududdufan nan manoma da yawa ke noman rani, kayan lambun Filato kuwa har kasuwar Mil 12 suke zuwa. Ba mu ce kowa ya guji dankalin Jos ko kabejinta ba. Abin da muke cewa shi ne a riƙa auna ruwan da ƙasar a kai a kai, a ware kududdufin da ke da illa daga mai lafiya. In ba haka ba, ran da ji-ta-ji-ta ta tashi a Kudu, mai laifi da marar laifi duk za su yi kwantai.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da ta Jihar Filato su riƙe waɗannan ɗakunan bincike da kuɗi isassu. Su kuma malamai kada su bar sakamakonsu cikin takardun Turanci da ba mai karantawa sai su. A faɗa wa manomi da makiyayi a rediyo, da harshen da suke ji.

Mu ma akwai namu. Sarakunan Hausawa da sarakunan pawa na zangogin Kudu su ja kunnen jama'arsu. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko ta baki, kada a feɗe ta don gudun hasara. A kira likitan dabbobi. Hasarar sa ɗaya ta fi rufe kara gaba ɗaya sauƙi, rigakafi kuwa ya fi magani.

Allah Ya kiyaye mu da dukiyarmu, Ya mai da mu gida lafiya. Sai mako mai zuwa.