Haɗari a bakin aiki: kwana 2 na farko su ne magana

Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, abu guda ake gani in ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki: maigida ya kai shi gidan likita, ya biya magani, ya damƙa ma iyalinsa ƴan kuɗi, kowa ya ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta hana rubuta takarda. Wata 6 bayan haka, in hannu ya ƙi miƙewa, alheri ya ƙare, sai a tarar babu inda aka rubuta cewa haɗarin ya auku.

Alhali kuwa tun shekarar 1965 Nijar take da asusun CNSS, wanda jama'a suka fi sani da Kes. Kuɗin da ake zubawa domin haɗarin aiki maigida kaɗai ke biyansu, ba a cire ko dala daga albashin ma'aikaci. Haɗarin da ya auku a kan hanyar zuwa aiki ko ta komawa gida, shi ma yana cikin lissafi. Cikakkun ma'aikatan gwamnati suna da nasu tsari dabam, amma direba, da lebura, da magini, da yaron kanti mai albashi, duk Kes ce gatansu.

Doka ta ɗora ma maigida sanar da haɗarin cikin awa 48. In ya yi shiru, wanda ya ji raunin ko magadansa suna da ikon kai maganar da kansu, ga Kes da biron sufeton ƙwadago. Sai dai jinkiri yana da tsada: shaidu suna watsewa, rauni yana rufewa. Saboda haka a nemi takardar lokotoro tun ranar farko, mai bayyana irin raunin da kwanakin hutu, a rubuta sunayen waɗanda suka gani da ido, a adana kwafin kowace takarda.

In dosiye ya cika, Kes ke ɗaukar nauyin magani. Tana biyan rabin albashin yini a kwana 28 na farko, daga rana ta 29 kuma kashi 2 cikin 3. Mai albashin jika 60 a wata zai samu wajen jika guda kullum da fari. In rauni ya bar naƙasa, lokotoro ke auna ta: naƙasar kashi 30 cikin 100 tana ba da diyyar kashi 15 na albashin shekara, kowace shekara. In rai ya yi halinsa, matar mamaci da marayu suna da rabonsu.

Ɗan kasuwar da bai rubuta ma'aikatansa a Kes ba yana ganin ya yi tsimi, har ranar da kamyo ya kife. Daga nan magana ta koma gaban sufeto, wataƙila gaban alƙali, ga bashin shekarun da bai zuba ba, ga tara. Ma'aikacin da kunya ta hana shi neman takarda kuwa, ya sani ba ƙarar maigidansa ya kai ba, haƙƙin ƴaƴansa ya tsare. Rigakafi ya fi magani.