A Ba Malami Ɗaki a Baƙuwar Ƙasa

 Ya ku malamai da attajirai masu karanta wannan fili, akwai wata hasara da muke yi kullum, alhali ba mu lissafa ta cikin hasara.

Kowa ya sani malamin gari ba shi da lokacin kansa. Da asuba almajirai ne da allunansu, da hantsi masu ɗaukar karatun littattafai, kafin azahar an aiko ana kiransa jana'iza, bayan la'asar ga masu rabon gado sun cika zaure, da dare kuwa ga baƙi. Haka zai shekara arba'in yana zuba ilmi a kunnuwan mutane, ran da ya cika sai a binne shi da abin da ke ƙirjinsa. Abin da magada za su tarar bai wuce 'yan ta'aliƙai a gefen littattafai ba, su ma gara tana jiransu. Ni a ganina maganin wannan shi ne malami ya yi nisa da gida na ɗan lokaci, ya zauna inda ba mai kiransa, ya rubuta. Magabata kuwa sun riga mu yin haka.

Ku dubi Ibn Khaldun, mutumin Tunis. Ya ɓata ƙuruciyarsa cikin hidimar sarakuna a Fas da Garnaɗa da Bijaya, har ɗauri ya sha a Fas. A shekarar 1375 ya gaji, ya nemi mafaka wurin wata kabilar Larabawa, Aulad Arif, suka sauke shi da iyalinsa a wata ganuwa da ake kira Ƙal'atu Ibn Salama, cikin ƙasar Aljeriya ta yau. Ya yi kusan shekara huɗu a can, ba fada, ba kasuwa. A nan ne cikin 1377, watau 779 ta Hijira, ya zana Muƙaddima cikin wata biyar. Abin da ya gani a fadoji na tashin mulki da faɗuwarsa ya daɗe a zuciyarsa, amma bai zama littafi ba sai da ya sami wurin da hayaniya ba ta kai.

Kada wani ya ce wannan labarin Larabawa ne, mu ma muna da namu. Shaihu Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, Bakatsine, ya tafi hajji, sa'an nan ya zauna a Alƙahira. Bai koma Katsina ba. A wannan baƙunci ne ya yi littattafansa da aka fi sani, Bahjatul Afaƙ a kan ilmin haruffa da hatimai, da kuma Durrul Manzum, wanda daga baya aka buga shi a Masar. Na san akwai malamanmu da ba su yarda da wannan fanni ba, suna kuwa da hujjarsu, ba ita ce maganarmu yau ba. Abin lura shi ne wanda ya sauke shi. Shaihu Hasan al-Jabarti, babban malami a Alƙahira mai wadata, shi ya ba shi masauki a gidansa, a nan ya rasu cikin shekarar 1154 ta Hijira, ya bar littattafansa a hannun mai masaukinsa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, shi ne marubucin tarihin Masar, ya kuwa sa tarjamar Bakatsinen nan cikin littafinsa. Mutane nawa ne masu dukiya suka zauna a Alƙahira a wannan zamani? Sunan wanda ya ba baƙo ɗaki ne ya iso mana har Katsina.

Baƙunci yana da wata fa'ida kuma, bayan samun sarari. Mutum a garinsu ba ya ganin abin da ya saba da shi. Wa zai zauna a Kano ya rubuta yadda ake rini ko yadda ayari ke tashi, alhali kowane yaro ya sani? Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya bi hanyar fataken goro zuwa Salga a ƙasar Gwanja, bayan yaƙin basasar Salga na 1892 kuma ya koma Kete-Karaci, inda ya zama limami har ya rasu a 1934. Can ne wani Bajamushe mai suna Mischlich ya riƙa yi masa tambayoyi a kan ƙasar Hausa, shi kuwa ya riƙa rubuta masa da ajami labarin garuruwa da sarautu da sana'o'i da al'adu. Yau masu binciken tarihinmu suna komawa ga waɗannan takardu, gama abubuwa da yawa da kowa ya sani a lokacin yanzu sun shuɗe. Da yana zaune a Kano ba mai tambayarsa, shi ma da wuya ya ga dalilin rubutawa.

To, yanzu fa? Tafiya ta yi sauƙi, rubutu ya yi wuya. Kakanninmu sukan shekara da shekaru a hanyar Makka, su yada zango a Wadai da Sudan, su yi karatu, su kwafi littattafai. Mu jirgi ke ɗaukarmu da safe ya sauke mu Jidda kafin dare, bayan 'yan makonni mu komo da dabino da dadduma da haƙorin Makka. Hajji ya yi, Allah ya karɓa, amma alƙalami bai jiƙa ba. Masu boko kuwa sun gane abin. A Amurka, jami'ar Iowa tun 1967 take gayyatar marubuta daga ƙasashen duniya su zauna can su yi aikinsu. A ƙasar Yarbawa ma, a garin Iseyin, Dakta Wale Okediran ya buɗe gida irin wannan a 2010, ana ce da shi Ebedi. Wane gida ne aka tanada wa mai rubutu da Larabci ko ajami?

Wani zai ce, malami ya tafi wa zai riƙe makaranta? Imamu Gazali ya bar Nizamiyya ta Bagadaza a 1095, da ɗalibai wajen 300, ɗan'uwansa Ahmad ya zauna a maimakonsa, shi ya nufi Sham. Makaranta ba ta rushe ba, Musulmi kuwa suka sami Ihya'u. Malamin da ya shekara ashirin yana karantarwa, in har bai yaye almajiri ɗaya da zai riƙe masa zaure wata shida ba, wannan wata matsala ce dabam da ya kamata ya duba.

Amma akwai maganar da na yarda da ita. Kaɗaici shi kaɗai ba ya isa. Ibn Khaldun da kansa, da ya gama Muƙaddima ya shiga sauran tarihin, sai ya ga yana bukatar littattafan da babu su a ganuwar, tilas ya koma Tunis a 1378. Saboda haka ba daji za a kai malami ba, garin da ke da ɗakunan littattafai da malamai za a kai shi, kamar Alƙahira ko Fas ko Madina. Kuma ba kowa za a tura ba. Wanda ya tafi da tulu wofi, wofi zai komo da shi. Wanda kuma ya tafi da wayar hannu a kunne dare da rana, zaurensa ne ya ɗauka ya tafi da shi.

Ga ku nan, attajirai. Kuna da abokan ciniki da masu masauki a waɗannan garuruwa, kun fi kowa sanin kuɗin haya da na abinci a can. A unguwa ɗaya sai ka ƙirga masallatai uku suna jin kiran sallar juna, ga na huɗu ana ɗora masa bulo. Kuɗin rufin wannan na huɗun zai iya riƙe malami wata shida a baƙuwar ƙasa. Mutum biyar su haɗu, su zaɓi malami guda wanda aka san yana da abin faɗa, su ɗauki nauyin tafiyarsa da cefanen gidansa, gama wanda ya bar iyali ba hatsi hankalinsa ba zai zauna kan takarda ba. A yi sharaɗi a rubuce gaban shaidu, ya faɗi littafin da zai yi tun kafin ya tashi, in ya komo ya karanta shi gaban malaman gari su gyara, kana a kai wa masu ɗab'i. Kuɗin ɗab'in ma a ware shi tun farko, kada littafin ya komo ya kwanta cikin gafaka.