Ƙullin da yake sauya uwar ɗaki

A wannan sati mun ajiye siyasa, za mu taɓa zare.

Akwai wata saƙar leshi ta ƙasashen Turai wadda Faransawa suke kira "frivolité", wato aikin shiririta. Ta bunƙasa a ƙarni na 19. A shekara ta 1886 Thérèse de Dillmont, wata ƴar ƙasar Ostiriya mai aiki da kamfanin zare na DMC a birnin Mulhouse, ta bayyana ta a cikin babban littafinta na aikin hannun mata. A wani tsohon kwafin littafin nan na gamu da ita, na ce da uwargida wannan aikin dare guda ne. Sai da na kwana ukku ina tsinke zare, ita kuwa tana dariya.

Kayan aikin ba su da yawa: zare, da wata ƴar ƙoshiya mai tsini biyu, tsawonta kamar na yatsa, wadda ake naɗe zaren a cikinta. Ƙullin ma guda ne, mai rabi biyu. Za ka kama bakin zaren tsakanin babban yatsa da manuniya na hannun hagu, ka kewaya shi bisa sauran yatsun ya komo inda ya taso, ya zama zobe. A rabin farko ƙoshiya ta bi ta ƙarƙashin zaren zoben, ta komo ta bisansa. A rabi na biyu ta bi ta bisa, ta komo ta ƙarƙashi.

To, ga inda gizo yake saƙa. Zaren ƙoshiya shi ne yake fara ƙulluwa, amma ba a son ƙullin ya zauna a kansa. Da ka gama kowane rabi, sai ka sassauta yatsan tsakiya na hagu, ka ja ƙoshiya har zarenta ya miƙe sak. Nan take ƙullin zai birkice ya koma kan zaren hagu. Sa'an nan ka ɗaga yatsan a hankali, ƙullin ya gangaro kusa da babban yatsa.

Idan ƙullin ya birkice, zaren ƙoshiya yana zamewa a cikinsa. Ka jera 12, ka ja, zoben ya rufe. Idan ko guda ɗaya ya ƙi, zaren ya cije, zobe ba ya rufuwa, sai kwancewa da allura. A nan ne masu koyo da dama suke jefar da ƙoshiya, suna cewa ba su da hannu. Alhali laifinsu ɗaya ne: suna ja da hannu biyu a lokaci guda.

Uwargida ce ta fisshe ni. Ta ɗaura zare mai kauri kala biyu, ja a hagu, fari a ƙoshiya, ta ce: "Malam, in ka ga farin ƙulli, ka ɓata, ja muke nema." A daren nan na rufe zobena na farko.

Saboda haka, ke mai koyo, kada ki karaya. Gwada jan zaren bayan kowane ƙulli, kuma ki tuna cewa sai hagu ta saki dama take samun abin ja.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.