Talabijin Ta San Hanyar Daji, Ba Ta San Hanyar Kebbe Ba

A shekarun 2011 da 2012 gidan BBC ya nuna wani wasan kwaikwayo mai suna The Hour, wanda aka gina a kan ɗakin labarai na talabijin a Landan ta 1956, lokacin rikicin mashigin Suwes. Ba yabonsa ya kawo mu ba, domin cike yake da shaye-shaye da neman matan mutane. Amma akwai abu guda da ya faɗa daidai. A kashi na biyu, wani shugaban 'yan ta'adda mai gidan rawa a unguwar Soho ya riƙe manyan gari a tafin hannunsa, har da wani babban ɗan sanda, kuma mai gabatar da labaran ma ya faɗa tarkon gidan. Bai saye shi da kuɗi ba. Ya gano inda rauninsa yake, wato mata da son a san shi, sai ya ɗana masa tarko a nan.

To mu nan ba mu da Soho, daji muke da shi. Kuma ɗan bindigar daji ya gano abin da wancan ya gano. Ya san akwai ɗan jaridar da babu abin da yake kwana yana mafarki kamar a ce shi ne ya fara zama da Bello Turji. Saboda haka sai ya buɗe masa hanya, ya shimfiɗa masa tabarma, ya jera yaransa da bindigogi a bayansa, ya yi ta jawabi kamar wani shugaban ƙasa. Ɗan jarida ya koma birni da suna, ɓarawo ya samu abin da kuɗin fansa ba ya saye, wato kwarjini. Yau abin ya wuce nan, tunda sun koyi ɗaukar kansu da waya suna baje kuɗi a TikTok, matasa na kallo suna sha'awa.

Kada wani ya ɗauka muna goyon bayan mahukunta ne a rigimar 2022. A Yulin shekarar BBC ta fitar da shirinta kan 'yan bindigar Zamfara, bayan Trust TV ta nuna nata a watan Maris. Ministan yaɗa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya ce ɗaukaka ta'addanci ne, kuma a watan Agusta hukumar NBC ta ci Trust TV da wasu kamfanoni tarar naira miliyan 5 kowannensu. Wai! A cikin wannan Yulin ne fa aka naɗa wa Ado Aleru rawanin Sarkin Fulani a masarautar 'Yandoto, da rana tsaka, mutumin da 'yan sandan Katsina suka sa ladar naira miliyan 5 a kansa tun 2020. Ya zo, an naɗa shi, ya koma daji lafiya lau. An dakatar da sarkin da ya naɗa shi, daga baya aka mayar da shi kan kujerarsa. Wanda ya nuna fuskar ɓarawo an ci shi tara, wanda ake nema ya tafi da rawani. A 2023 ma Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa NBC ba ta da ikon cin tara. Kuma adalci ne a faɗa, shirin BBC ya tona abubuwan da gwamnati ta so a binne, wanda ya yi shi kuwa, Yusuf Anka, ɗan yankin ne da ya sa ransa a haɗari.

Ƙorafinmu daban ne. Ina mutumin Kebbe a cikin wannan hoto? Ƙasar Kebbe tana maƙwabtaka da Gummi ta Zamfara, ƙauyukanta sun sha hari, an kora shanu, an ɗauki mutane, gonaki sun kwana babu shuka. Wa ya zo da kyamara ya zauna da matar da ta sayar da gona da akuya don ta fanso ɗanta, ya ba ta minti goma kamar yadda ake ba wanda ya sace shi? Labarinta ba ya kawo lambar yabo, ba ya sa a kira mutum taro a Abuja. Idan an tuna da mu, sai a ce "an kashe mutum kaza a kudancin Sakkwato", a wuce zuwa labarin ƙwallo.

A Satumban 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar, a zamanin gwamna Aminu Waziri Tambuwal. Talaka ya rasa yadda zai kira ɗan'uwansa ya ce masa ga su nan tafe. Muryar ɓarayi kuwa ba ta daina fita ba. Watanni uku bayan haka aka ƙone matafiya da ransu cikin mota a ƙasar Sabon Birni.

Gidajen talabijin na gwamnati su ma ba su tsira ba. Tun da aka buɗe ta Kaduna a 1962, aka haɗe tashoshi a ƙarƙashin NTA a 1977, an saba kyamara tana bin motar gwamna duk inda ta nufa. Wancan ɗan jarida yana neman suna a daji, wannan yana neman muƙamin sakataren yaɗa labarai a gidan gwamnati. Garin Tambuwal, da Buhari ɗan Shehu ya zauna a matsayin ribaɗi don tsaron iyaka, yanzu ana ganinsa a akwatin talabijin ne ranar kamfe ko ranar ɗaurin auren 'yar wani babba.

Muna kira ga editocin Sakkwato, na Rima da na NTA da masu zaman kansu, su turo wakili Kebbe da Kuchi, ya kwana uku, ya rubuta sunayen waɗanda aka kashe ɗaya bayan ɗaya, ya karanta su a labaran dare. Titin Sakkwato zuwa Jega ta cikin Tambuwal ya ratsa, kuma kullum akwai mota a tasha.