Wutar Tiga: Ruwa a Bebeji, haske a birni

Duk matafiyin da ya karya daga Kwanar Dangora da daddare, ya ratsa Tudun Wada ya nufi dajin Falgore, zai lura cewa hasken teburin mai shayi da na mai tsire ya sauya launi. Jan harshen aci-bal-bal da fitilar ƙwai sun ja da baya, farin ƙwan LED mai aiki da batir ko sola ya gaje su. Ba wata hukuma ce ta tsara wannan sauyi ba. Tsadar kananzir ce ta fara kora mutane tun da aka janye tallafinsa a 2016, sannan cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya sa janareto ya gagari mai ƙaramin jari.

Akwai dalilin kimiyya a ciki. Fitilar kananzir da tsohon ƙwan lantarki mai zare duk da zafi suke haskakawa: sai abu ya yi jawur sannan haske ya fito, shi ya sa fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarfin tsohon ƙwai a zafi yake ƙarewa. Shi kuwa LED, lantarki ne ke ratsa wani ɗan ƙanƙanin sinadari, haske ya fito kai tsaye. Binciken da ya ba da damar samun farinsa shi ya ciyo wa masana uku haifaffun Japan lambar Nobel a 2014. Amfaninsa ga mutumin Kiru shi ne, faifan sola guda ya isa haskaka ɗaki da cajin waya.

Sai dai haske daban, wuta daban. Wannan faifai ba ya juya injin casar shinkafa, ba ya riƙe na'urar walda, kuma da wuya ya ɗauki firijin mai sayar da ƙanƙara. Nan ne maganar Tiga ke shigowa.

An kammala madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a ƙasar Bebeji. A wa'adin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu aka soma aikin tashar lantarki mai megawat 10 a jikinta, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ci gaba da shi. Tun farko an bayyana inda wutar za ta: matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titunan birnin Kano. Hujjar ba ta banza ba ce, domin famfon birni na buƙatar wutar da ba ta yankewa, kuma megawat 10 ba ta taka kara ta karya ba a jiha kamar Kano. Ruwan ma yana da masu shi: Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da madatsar, manoman ranin Kadawa da Kura kuma da shi suke rayuwa, don haka ba a sakinsa yadda injin lantarki ke so. Amma da wuya a gamsar da wanda turakun wuta suka ratsa gonarsa alhali garinsa na jiran KEDCO.

Duhun da ya lulluɓe Arewa na kwanaki a Oktoban 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ya nuna haɗarin dogaro da babban layin ƙasa kaɗai. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, gyaran da aka yi mata a 2024 kuma ya ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin gudanarwar kamfanonin samar da wuta domin al'ummomin da ke masaukinsu. Abin da ya rage wa wakilan Kano ta Kudu a majalisar jiha shi ne su nemi a fayyace ko wannan tanadi ya shafi Tiga, da kuma garuruwan da za a lissafa a matsayin masaukinta: na bakin madatsar kaɗai, ko har da na Tudun Wada da Doguwa da ruwan ke gangarowa ta ƙasarsu.